MOTAR KARA BA WASAN BANZA BA CE

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi ta Kurfi ta shiga Dutsin-Ma da kaka, bayan an yanke dawa an kai amfanin gona gida, da wuya ya rasa ganin yara a bakin hanya suna tura motocin da suka ƙera da hannunsu. Wata ta kara ce, wata ta langa-langa, wata kuwa ta gwangwanin madara. Akwai mai siffar tifa, akwai tirela, akwai akori-kura, har da tarakta mai jan garma. Manya kan wuce su ba tare da ko waiwaye ba, wani ma ya daka musu tsawa, ya ce su bar shiririta su je su ɗauki littafi.

Wannan tsawa kuskure ce, kuma kuskuren ba na iyaye kaɗai ba ne. Makarantu sun yi shi, Ma'aikatun Ilmi sun yi shi, an kuwa daɗe ana yinsa. Abin da yaran nan ke yi a gindin katanga shi ne matakin farko na aikin injiniya, kuma shi ne ainihin abin da ƙasashen da suka ci gaba ke kashe kuɗi masu yawa domin su koya wa 'ya'yansu. A nan an same shi kyauta, ana ta watsar da shi. Lokaci ya yi da za a ɗauke shi daga bakin hanya a shigar da shi aji, amma da lura, don kada a maimaita ɓarnar da aka yi a baya da sunan koyar da fasaha.

YADDA YARO KE ƘERA TA

Ya kamata a fara da duban aikin kansa, domin yawancin masu raina shi ba su taɓa tsayawa sun kalle shi ba. Yaro kan zaɓi sillen kara busasshe, miƙaƙƙe, ya ɓare ɓawonsa da reza. Totuwar ita ce katakonsa, ɓawon da ya tsaga sirara-sirara su ne ƙusoshinsa. Da su zai haɗa gindin motar, ya ta da bodi, ya fitar da ƙofa da taga. Taya kuwa ko ya feƙe sakaina, ko ya yanka tsohon silifas, ko ya huda marfin kwalba. In na langa-langa ne ko na waya, sai ya lanƙwasa da dutse da haƙori, ya ɗaure mahaɗa da robar tsohuwar tayar keke, ya zaro doguwar sanda daga tayoyin gaba har zuwa ƙugunsa, ya yi mata sitiyari.

Mai ƙoƙari daga cikinsu ba ya tsayawa nan. Yakan je wurin mai gyaran rediyo ya roƙi ɗan injin nan da ke juya kaset, ya haɗa shi da batirin tocila ko na tsohuwar wayar hannu, ya ɗaura zaren roba daga bakin injin zuwa sandar tayoyin baya. Da ya haɗa waya biyu, sai mota ta tashi da kanta. Wani har ƙwan tocila yake sa mata a gaba.

To, a duba tambayoyin da yaron nan ya warware kafin motarsa ta motsa. In tayoyi ba su zama girma ɗaya ba, mota za ta karkace. In sandar taya ta matse a raminta, ba za ta juya ba; in ta yi sako-sako, za ta yi ta rawa. In bodi ya yi tsawo, kaya kuma suka taru a sama, da ta sha kwana sai ta kife. In zaren roba ya yi tauri, inji ya tsaya. In ya saki, ya yi ta sulɓewa. Babu wanda ya rubuta masa waɗannan a allo. Ya gwada, ta ƙi, ya kwance, ya sake. Wannan gwadawa da kwancewa da sakewa ita ce hanyar da ake ƙera kowace irin na'ura a duniya, tun daga keken ɗinki har jirgin sama.

Abin damuwa shi ne, wannan al'ada tana ja da baya. Motocin roba masu araha da ake shigowa da su sun cika kasuwanni, wayar hannu kuma ta cinye lokacin da yaro kan zauna ya feƙe kara. Motar da aka saya ba ta koya wa yaro kome sai turawa da fasawa. In ba a yi hattara ba, nan gaba kaɗan za a nemi mai iya motar kara a rasa, alhali ba a samar da abin da zai maye gurbinta ba.

ABIN DA WASU KE SAYE DA TSADA

A ƙasashen Turai da Amurka da Asiya, yara na yin irin wannan aiki da wasu ƙananan tubalan roba masu shiga juna, waɗanda aka fi sani da sunan LEGO. Tarihinsu abin lura ne. Wani kafinta ne mai suna Ole Kirk Christiansen, a ƙauyen Billund na ƙasar Danmak, ya shiga yin kayan wasan yara na katako a 1932, sa'ad da tattalin arzikin duniya ya karye, aikin gini ya yi ƙaranci. A 1934 ya raɗa wa kamfaninsa suna daga kalmomi biyu na harshensu masu ma'anar a yi wasa da kyau. A 1958 kamfanin ya yi rajistar tubalin da aka sani yau, mai ƙulu-ƙulu a sama da bututu a ƙasa, wanda in an danna shi a kan ɗan'uwansa yakan kama gam, in an so kuma a ɓalle shi. An daidaita awonsa ƙwarai, har tubalin da aka yi a wancan zamani yana shiga wanda aka yi bana.

Daga baya aka ƙara musu taya. A 1977 aka fito da wani rukuni mai giya da sanduna da mahaɗai, wanda daga bisani aka kira Technic, yadda yaro zai iya haɗa mota mai sitiyari na gaske da injin da fistin ɗinsa ke hawa yana sauka. A 1998, da haɗin gwiwar masana na babbar makarantar fasaha ta MIT a Amurka, aka fito da Mindstorms, mai ɗauke da 'yar kwamfuta wadda yaro zai tsara wa umurni, mota ta bi layi ko ta kauce wa bango da kanta. An daina yin wannan rukuni a ƙarshen 2022, amma tafarkin da ya buɗe na koyar da yara sarrafa na'ura ya riga ya bazu a makarantun duniya.

Masu lissafi sun ƙididdige cewa tubali 6 kacal, masu ƙulu takwas-takwas, ana iya haɗa su ta hanyoyi fiye da miliyan 915. A 2018 kuwa ma'aikatan kamfanin sun haɗa mota ƙirar Bugatti mai cikakken girma da gutsattsari fiye da miliyan ɗaya da ƙananan injuna 2,304, mutum ya shiga ya tuƙa ta, ta yi gudun kimanin kilomita 20 a awa. Ba yara kaɗai ke wannan sha'ani ba. Akwai manya, cikinsu har da injiniyoyi, waɗanda ke ajiye littafin umurnin da ke zuwa cikin akwati gefe guda, su zana motar da ke ransu, su ƙera ta, su sa mata inji da batir.

HAƊAWA DABAM, ƘIRƘIRA DABAM

Wannan magana ta ajiye littafin umurni ita ce zuciyar al'amarin, kuma ta shafi Nijeriya fiye da yadda ake zato. Akwatin tubalan roba kan zo da hoton mota a bayansa da littafi mai nuna mataki-mataki. Yaron da ya bi littafin zai sami mota kyakkyawa, amma ba shi ya yi tunaninta ba. Ya koyi haƙuri da bin tsari, wannan ba laifi. Sai dai ranar da gutsure ɗaya ya ɓace, ko aka ce ya ƙera motar da babu ita a littafi, nan ne za a san ko ya iya.

Abin da ya sami ƙasar nan ke nan. A shekarun 1970, da kuɗin man fetur suka shigo, Gwamnatin Tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanonin waje aka kafa wuraren haɗa motoci. Peugeot ta fara aiki a Kaduna a 1975, Volkswagen a Ikko, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, kamfanin manyan motoci na Fiat a Kano, na Mercedes a Inugu. An yi murna, kuma dubban mutane sun sami aiki sun koyi sana'a. Amma yawancin kayan a akwatuna suke zuwa daga Turai, tare da littafin umurninsu. Da farashin mai ya faɗi a shekarun 1980, kuɗin waje suka yi wuya, darajar Naira ta zube bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, sai akwatunan suka rage zuwa, kamfanonin suka shiga tangal-tangal ɗaya bayan ɗaya. An koyi haɗawa, ba a koyi ƙirƙira ba. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Yaron Kurfi mai motar kara ba shi da littafin umurni. Ya ga tifa ta wuce ɗauke da yashi, ya riƙe siffarta a ka, ya dawo ya nemi hanyar da zai sa bayanta ya ɗaga. Ta wannan fuska ya fi ɗan mai kuɗin da ya bi littafi shafi-shafi kusa da aikin injiniya.

Ba kuwa a rasa shaida ba cewa irin wannan baiwa tana kai mutum nesa in ta sami mai riƙe ta. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, tun yana yaro yake zanen motoci. Ya yi karatun zanen gine-gine a Kwalejin Fasaha ta Birnin Kebbi, sa'an nan ya tafi birnin Detroit na Amurka ya karanci zanen motoci, ya gama a 1994, kamfanin General Motors ya ɗauke shi aiki. Shi ya zana siffar samfurin motar nan mai amfani da lantarki, Chevrolet Volt, wadda aka nuna wa duniya a 2007. Daga 2017 zuwa 2023 ya shugabanci hukumar tsara motoci da bunƙasa su ta ƙasa. A 2007 ɗin nan kuma wani ɗalibin jami'a a Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarfe, har kafofin watsa labarai na duniya suka ɗauka. Tambayar da ta kamata a yi ita ce, nawa ne irinsu suka tashi a Birchi da Wurma da Karofi, aka daka musu tsawa, suka bari?

DARASIN 1982

Wani zai ce ai magani a fili yake: Gwamnati ta ba da kwangila a sayo akwatunan tubalan nan a rarraba wa makarantu. A nan ne ake bukatar tuna baya. Manufar Ilmi ta Ƙasa da aka fitar a 1977 ta kawo tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiki da shi a 1982. Babban burinsa shi ne kowane yaro ya taɓa aikin hannu a shekaru uku na ƙaramar sakandare, ta darasin share fagen fasaha da ɗalibai suka riƙa kira Intirotek. An sayo injuna daga ƙasashen waje da kuɗi masu yawa, aka kai makarantu. A wurare da dama babu lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da aka horar. Injunan suka zauna cikin akwatunansu har suka yi tsatsa, wasu aka sace. Ɗalibai suka haddace sunan zarto da na guduma daga allo, suka ci jarrabawa, ba su taɓa yanka katako ba.

An canza wa darasin suna tun bayan shirin ilmin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, amma cutar ba ta sake ba: ana koyar da aikin hannu da baki. In aka zubo tubalan roba ta hanyar kwangila, abin da zai faru sananne ne. Akwati ɗaya irin na koyarwa, mai inji da na'ura, kuɗinsa ya ninka albashin malamin firamare na wata. Shugaban makarantar da ya sa hannu ya karɓa zai ji tsoron kada gutsure ya ɓace mai binciken kuɗi ya tuhume shi, saboda haka zai kulle su a kabad, ba za a fito da su ba sai ranar da babban baƙo zai zo. Ba laifinsa ba ne, tsarin ne ya koya masa haka. Kara kuwa ba a kulle shi a kabad. In ya karye, akwai wani a bayan makaranta.

INDA KARA YA GAZA

Duk da haka, gaskiya ba ta yarda a ce kara ya isa ba. Akwai abin da ba zai iya koyarwa ba, shi ne daidaiton awo. Yaron da ke aiki da ido da kintace zai kai wani matsayi ya tsaya. Injiniya kuwa sai da ma'auni da zane da lissafi, domin abin da ya ƙera wani ya iya ƙera irinsa a wani gari ba tare da sun haɗu ba.

A ɗauki giya alal misali. In giya mai haƙora 8 tana juya mai haƙora 24, sai ƙaramar ta zagaya sau 3 kafin babbar ta zagaya sau ɗaya. Gudu ya ragu zuwa sulusi, ƙarfin juyawa ya ninka kusan sau 3. In aka sa mai haƙora 40, ya zama 5 bisa ɗaya. Dalilin da ya sa direban tifa ke komawa giya ta ɗaya in ya tunkari hawa ke nan. Malami zai iya shafe mako yana bayanin wannan a allo yara suna hamma. Amma a ba yaro giyoyin nan biyu a hannu, ya juya ɗaya ya ƙirga zagayen ɗayar, cikin minti goma ya gane, kuma ya gane lissafin kashi da ya daɗe yana ba shi wuya. Haka nan batun abin da ya sa tayar waje ke cin tafiya fiye da ta ciki in mota ta sha kwana, da na'urar da ke raba musu juyi. Ba a feƙe irin wannan da reza. A nan tubalan roba ke da amfani, kuma a nan kaɗai ya kamata a kashe kuɗi a kansu.

Watau ba zaɓi ake yi tsakanin kara da roba ba. Kara da langa-langa su ne na kowa da kowa, na kullum, masu koyar da ƙirƙira. Tubalan roba 'yan kaɗan ne, na karɓa-karɓa, masu koyar da daidaito. Wanda ya fara da na farko ya fi cin moriyar na biyu.

MASU CEWA BA YANZU BA

Akwai masu cewa wannan magana ta masu ƙoshi ce. Za su ce yankin da 'yan bindiga suka hana manoma zuwa gona, inda aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, inda yara da yawa ba su ma zuwa makaranta, wasu azuzuwan kuma babu rufi babu benci, ba wurin zancen kayan wasa ba ne. Wannan uzuri yana da nauyi, kuma ba wanda zai ce a fifita motar kara a kan tsaron rai ko rufin aji.

Amma a duba da kyau. Abin da ake nema a nan ba ya cin kuɗin rufi ko na tsaro, domin kusan ba ya cin kome. Sa'an nan kuma, ɗaya daga cikin dalilan da ke sa uba ya cire ɗansa daga makaranta shi ne ganin waɗanda suka gama sun dawo gida da takarda, ba su iya noma ba, ba su iya sana'a ba. Makarantar da yaro zai fito daga cikinta hannunsa ya iya wani abu ta fi saurin shawo kan irin wannan uba fiye da kowace irin gargaɗi ta rediyo. Matashin da ke da abin yi kuma ya fi wuyar ruɗi ga masu neman 'yan aike zuwa daji.

Bukatar ma a ƙofar gida take. Madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gama a 1983, tana nan kusa da Dutsin-Ma, manoman rani na aiki da injunan ban ruwa a kewayenta. Akwai injunan niƙa, da na sussukar hatsi, da babura, da A Daidaita Sahu, da faifan hasken rana da ke ƙara yawa a kan rufin gidaje da rijiyoyin burtsatse. Duk waɗannan suna lalacewa, duk suna bukatar mai gyara wanda ya san dalilin abu, ba mai canza kaya da kintace ba. Daga cikin masu gyaran nan ne wata rana za a sami mai ƙerawa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Dutsin-Ma ta fi yawancin garuruwan jihar dacewa da fara wannan gwaji. Tana da Kwalejin Ilmi mai ɗauke da sunan marigayi Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, wanda ya riƙe Ministan Ilmi na Jihar Arewa. Tana da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Tana da makarantar sakandaren kimiyya. Tana da maƙera da masu walda da makanikai a garejinta. Kurfi kuwa maƙwabciya ce, da ƙauyukanta inda al'adar ba ta mutu ba tukuna. Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan hannuwa, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da farko, sakatarorin ilmi na ƙananan hukumomin biyu su ware awa ɗaya a mako a manyan azuzuwan firamare da ƙaramar sakandare domin ƙira. Kada a ba yara samfurin da za su kwafa. A ba su matsala: a ƙera motar da za ta ɗauki rabin bulo ta yi tafiyar mita 5, ko wadda za ta hau gangaren katako ba ta kife ba. Sharaɗi ɗaya tak za a ƙara a kan abin da suka saba, shi ne kowa ya zana motarsa a takarda, ya rubuta awonta da ma'auni, kafin ya taɓa reza. Wannan sharaɗi shi ne gadar da ke tsakanin wasa da ilmi.

Na biyu, Kwalejin Ilmi ta shigar da wannan cikin horon malaman da take yayewa. Malamin da bai taɓa ƙera kome ba, ba zai bar yaro ya ƙera ba, domin yana tsoron tambayar da ba zai iya amsawa ba. A nan ya kamata a ajiye 'yan akwatunan tubalan roba masu giya da inji, ɗalibai masu koyon aikin malanta su riƙa fita da su zuwa makarantu, su dawo da su. A kuma rubuta a fili cewa ɓatan gutsure a wurin aiki ba laifi ba ne, rashin amfani da kayan shi ne laifi.

Na uku, a shirya gasa sau ɗaya a shekara, bayan kaka, sa'ad da kara ya wadata, ƙarƙashin inuwar Yandakan Katsina da Maraɗin Katsina, domin zuwan hakimi wuri kan sa iyaye su ɗauki abu da daraja. Alƙalan gasar su haɗa da malamin jami'a da tsohon bakanike, su zauna a benci ɗaya. Kada a ba da maki don fenti da ado; a ba da shi don aiki, da kuma iya bayanin dalili. A buɗe ƙofa ga almajirai da yaran da ba su zuwa boko, domin sau da yawa gwanayen suna cikinsu. A buɗe ta ga 'yan mata, waɗanda tun suna ƙanana ake miƙa musu 'yar tsana a ce mota ta maza ce, sa'an nan daga baya a zo ana mamakin ƙarancinsu a fannin kimiyya. Kyautar kuwa kada ta zama kofi. Ta zama gurbi a makarantar fasaha, ko akwatin kayan aiki.

Na huɗu, Hukumar Ilmin Kimiyya da Fasaha ta jihar ta tuntuɓi masu masana'antun roba na Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano. Haƙƙin mallakar ainihin ƙirar tubalin ya daɗe da ƙarewa, kamfanoni da yawa a duniya suna yin irinsa da sunayensu. Wanda ke zuba buta da bokiti yana da injin da ake bukata. Abin da zai ba shi wuya shi ne daidaiton mazubi. To, wannan wuyar ita kanta makaranta ce, kuma in aka ci nasara, kuɗin da za a kai waje sun tsaya a gida.

Ɗaliban jami'a da na kwaleji su ma da nasu rabon aikin. Yawancinsu sun ja motar langa-langa da ƙuruciya, sun san daɗinta. Ba sai sun jira takarda daga Ma'aikata ba kafin su ba da yammacin Asabar guda ga makarantar unguwarsu. Ma'aikacin Gwamnati kuwa da fayil irin wannan zai zo teburinsa, kada ya ture shi gefe don ya ga babu kwangila a ciki. Rashin kwangilar shi ne alherinsa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jihar Katsina, tun da aka ƙirƙiro ta a 1987, take alfahari da tarihinta na ilmi, kuma ta cancanci alfaharin. Amma ilmin da ya tsaya a baki da takarda ya riga ya nuna iyakarsa. Kakar bana ma za a yanke dawa, yara za su kwashi kara su zauna a gindin katanga. Abin da ake roƙon uba da malami da mahukunci shi ne, in sun iske yaro yana feƙe totuwa, kada su kore shi. Su tsaya su tambaye shi yadda ya yi har tayar ta juya, sa'an nan su miƙa masa ma'auni da fensir.